Ma'aunin Hali Shaida Ne, A Yi Masa Tazkiya Kafin A Karɓa

An ruwaito cewa wata rana wani mutum ya zo ba da shaida gaban Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi, Allah Ya yarda da shi, kuma da yake Umar bai san shi ba, sai ya nemi ya kawo wanda ya san shi. Nan take wani daga cikin mazauna majalisa ya miƙe ya ce shi ya san shi da adalci da nagarta. Umar bai karɓi wannan yabo haka nan ba, sai da ya tambayi mai yabon ko shi maƙwabcin mutumin ne na kusa, wanda ya san darensa da ranarsa, ko sun taɓa yin doguwar tafiya tare, ko kuwa hulɗar dinari da dirhami ta taɓa haɗa su. Da ya ce ko ɗaya babu, sai aka gaya masa cewa, to, bai san shi ba.

Na kawo wannan ƙissa ne domin mas'alar da nake son in tattauna da masu karatu, wato hanyoyin da masana halayyar ɗan Adam na asibiti suke bi su auna hali da ɗabi'ar mutum, ko da yake ta zo mana cikin tufafin Turawa, da takardun tambayoyi da alƙaluma da sunaye masu wuyar faɗi, asalinta tsohuwar tambaya ce da alƙalanmu da malamanmu suka daɗe suna fama da ita: da wace hujja wani zai ce ya san wani? Kuma mas'alar ta riga ta iso ƙofarmu, domin yau akan aika wanda ake tuhuma asibitin ƙwaƙwalwa a Kaduna ko Kware ko Maiduguri a nemi rahoto kan hankalinsa, akan miƙa wa mai neman aiki takarda a ce ya amsa tambayoyi game da kansa, kuma samari da 'yan mata suna ta amsa irin waɗannan tambayoyi a wayoyinsu, suna ɗaukar abin da ya fito tamkar an yaye musu labulen zukatansu. Ra'ayina, wanda zan yi ƙoƙarin kafa masa hujja, shi ne cewa kowane irin wannan ma'auni matsayinsa matsayin shaida ne a gaban alƙali, ana saurarensa, amma sai an yi masa tazkiya. Kuma shaidar da aka yi wa tazkiya a wani gari, wajibi ne a sake binciken halinta idan ta baƙunci wani.

Wannan sana'a ta auna hali da takarda yaƙi ne ya haife ta. A lokacin Yaƙin Duniya na Farko, da aka ga sojoji da yawa suna dawowa daga fagen fama jikinsu lafiya amma hankalinsu a gigice, sai aka nemi wani malami Ba'amurke mai suna Robert Woodworth ya tsara hanyar gane masu raunin zuciya tun kafin a tura su. Ya shirya tambayoyi 116 waɗanda ake amsawa da i ko a'a, kan barci da mafarki da tsoro da makamantansu. Yaƙin ya ƙare kafin a ci moriyar takardar sosai, amma ta buɗe ƙofar da har yau ba a rufe ba. Aibinta a fili yake, domin duk mai wayo zai gane inda kowace tambaya ta dosa, ya amsa gwargwadon abin da yake so, ko a ɗauke shi ko a sallame shi.

Saboda wannan aibi ne wasu suka karkata ga wata hanya dabam, suka ce maimakon a tambayi mutum kai tsaye, a ba shi abu mai harshen damo, wanda ba shi da amsa ɗaya, a ga yadda zai fassara shi, domin a wajen fassarar ne baɗininsa zai leƙo ba tare da ya farga ba. Mafi shahara a wannan fanni shi ne gwajin wani likita ɗan ƙasar Suwizalan, Hermann Rorschach, wanda ya wallafa littafinsa a 1921 ya rasu a 1922 yana ɗan shekara 37. Katuna goma ne, a kan kowanne akwai tawadar da aka ɗiga aka ninke takarda ta bazu gefe biyu daidai, biyar baƙaƙe, biyu da ɗan ja a ciki, uku masu launi iri-iri; akan miƙa wa mutum a tambaye shi me wannan yake kama da shi. Shi Rorschach, a yi masa adalci, ya fi damuwa da yadda mutum ya gani a kan abin da ya gani: ko zanen duka ya ɗauka ko wani ɗan lungu, ko launi ne ya ja shi ko siffa, ko ya ga abin yana motsi. A 1935 kuma Henry Murray da Christiana Morgan na jami'ar Harvard suka fito da nasu, na hotunan mutane waɗanda ake ce wa majinyaci ya ƙirƙiri labari a kansu.

Gwajin tawada ya yi tashe matuƙa, har aka kai shi kurkukun Nuremberg bayan Yaƙin Duniya na Biyu, inda Douglas Kelley da Gustave Gilbert suka gwada shi a kan shugabannin Nazi da ke jiran shari'a, cikinsu har da Hermann Göring. Duniya tana ɗokin a ce an gano wata cuta ta musamman a ƙwaƙwalwar waɗannan azzalumai. Amma bayan shekaru, da wata masaniya, Molly Harrower, ta gauraya amsoshinsu da na wasu mutane dabam ta miƙa wa ƙwararru ba tare da sunaye ba, sai suka kasa tsame su. Daga baya John Exner ya yi ƙoƙarin daidaita ƙa'idojin gwajin a 1974, kuma bincike ya nuna yana da amfani na haƙiƙa wajen gane rikicewar tunani irin ta taɓin hankali mai tsanani. Sai dai an kuma zargi mizaninsa da jingina cuta ga masu lafiya, kuma da yawa daga cikin abubuwan da ake da'awar yana ganowa ba su da madogara mai ƙarfi. Shaida ce da ta san abu ɗaya ko biyu da kyau, amma aka daɗe ana tambayarta abin da ba ta halarta ba.

Inda nake son in daɗe shi ne kan ma'aunin da ya fi kowanne yaɗuwa a asibitoci da kotunan duniya, wanda ake taƙaita sunansa da MMPI, aikin Starke Hathaway da J. C. McKinley na jami'ar Minesota a Amurka, wanda ya fito a 1943. Dabarar waɗannan mutum biyu abar yabo ce. Ba su zauna sun yi ƙiyasi da hankalinsu cewa mai cuta kaza zai amsa kaza ba; sai suka tara jimloli ɗaruruwa, suka ba majinyatan da aka riga aka san cutarsu, suka kuma ba masu lafiya, sa'an nan duk jimlar da aka ga ɓangarorin biyu sun saba a kanta aka riƙe ta a matsayin alama, ko da kuwa a zahiri ba ta da wata dangantaka da cutar. Bugu da ƙari suka saka wasu ma'aunai na ɓoye masu kama wanda yake ƙawata kansa fiye da kima, da wanda yake ƙara wa ciwonsa gishiri, da wanda yake amsawa da ka ba tare da ya karanta ba. Da haka suka toshe ɓarakar da ta kayar da takardar Woodworth.

To, amma su wane ne masu lafiyar da aka yi mizani da su? Mutum 724 ne, galibinsu 'yan'uwa da masu zuwa dubiya a asibitin jami'ar, fararen fata, mazauna ƙauyuka da ƙananan garuruwan jihar Minesota, matsakaicinsu mai aure ɗan kimanin shekara 35 wanda ya yi shekara 8 a makaranta. Fiye da shekara 40 kusan duk wanda aka auna da wannan ma'auni, da waɗannan bayin Allah ake kwatanta shi, kuma gwargwadon nisansa da su gwargwadon yadda alƙalumansa za su hau. Amurkawa da kansu sun ga wannan bai dace ba, har suka sabunta shi a 1989 da jimloli 567 da sabon mizani na mutum 2,600 daga sassan ƙasarsu, suka cire wasu tambayoyi da suka shafi aƙidar addini. A 2020 suka sake fitar da wani mai jimloli 335. Idan masu abu sun ga wajibi ne su sake mizani saboda zamani ya juya a cikin ƙasarsu ɗaya, ina ga wanda harshensa da addininsa da tarbiyyarsa duk dabam ne? Duk wanda ya taɓa sayen hatsi ya san tiyar wata kasuwa ba ita ce ta wata ba, kuma ɗan kasuwar da ya saya da wannan ya sayar da waccan ba tare da ya daidaita ba, ko dai ya cuci kansa ko ya cuci wani.

A ɗauki misali. Cikin jimlolin wannan ma'auni akwai wadda take tambayar mutum ko miyagun iskoki sukan shige shi, akwai masu tambaya ko yana jin ana ƙulla masa makirci, ko wani ya taɓa neman sa masa guba. A garin da aka tsara su, amsa i ga irin waɗannan abu ne nadiri, saboda haka alama ce mai nauyi. A wurinmu kuwa, inda imani da samuwar aljanu yake cikin abin da yaro ke tashi da shi, inda maganar sammu da jifa da kambun baka take yawo a tsakar gida da kasuwa, mutum mai cikakken hankali, mai riƙe da sana'arsa da iyalinsa, yana iya amsa i da zuciya ɗaya, alƙalami kuma ya rubuta masa alamar cuta. Ban ce duk mai faɗin haka lafiyarsa ƙalau ba. Wani lalle rashin lafiya ne yake magana da bakinsa, kuma jinkirin kai shi asibiti zalunci ne. Abin da nake cewa shi ne takardar ba ta da idon da za ta bambance tsakanin su biyun, sai wanda ya san inda iyakar imanin jama'a ta tsaya da inda ruɗin cuta ya soma.

Haka nan mas'alar kunya, wadda a ganina ita ce mafi girman tarko. Anthony Kirk-Greene, a laccarsa kan mutumin kirki a wurin Hausawa wadda aka buga a 1974, ya lissafa kunya cikin siffofi goma da Bahaushe yake auna nagarta da su, tare da gaskiya da amana da karamci da haƙuri da hankali da ladabi da mutunci da hikima da adalci. Yanzu a ƙaddara wata amarya ce aka kawo asibiti saboda ta daina cin abinci ta daina barci. Ta zauna gaban baƙon namiji, kanta a sunkuye, muryarta ƙasa-ƙasa, ba ta ambatar sunan mijinta, kuma ga uwar mijin a zaune gefe ita ce ma take ƙarasa mata amsa. Mai dubawa wanda ya sha karatunsa daga littattafan waje kaɗai yana iya rubuta cewa tana gudun haɗa ido, ba ta da sakin fuska, tana janye jiki daga mutane, alhali abin da ya gani tarbiyya ce. Kuma ta wani gefen haɗarin ya fi wannan, domin haƙurin da aka hore ta da shi yana iya sa ta amsa kowace tambaya da “lafiya lau” da “alhamdu lillahi”, a sallame ta a ce babu komai, alhali kuwa zuciyarta tana ci da wuta. Mutanenmu ba safai sukan ce suna baƙin ciki ba. Sai su ce kansu yana zafi, ko wani abu yana yawo a jikinsu, ko ƙirjinsu ya yi nauyi, ko tunani ya yi musu yawa. Ma'aunin da bai san wannan harshe ba zai wuce ta gefen ciwon bai gan shi ba.

Ga kuma matsalar karatu. An tsara waɗannan takardu ne domin mutum ya keɓe shi kaɗai ya karanta ya amsa. Da zarar an ce wani ne zai karanta masa, ya fassara nan take daga Turanci da irin Hausar da ta zo bakinsa, a gaban dangi, to an riga an sauya gwajin, ko da sunansa bai sauya ba. Wace mace ce za ta amsa tambaya kan sirrin aurenta da gaskiya, alhali ƙanin mijinta ne tafinta?

Mai karatu yana iya cewa, to tunda haka ne a watsar da takardun mana, a koma ga basirar likita, tunda labarin zuciya a tambayi fuska. Wannan ra'ayi yana da daɗin ji, kuma yana da asali a wurinmu, domin malamai sun yi magana kan firasa, har Fakhruddin ar-Razi ya keɓe mata littafi. Amma ban yarda da shi ba, kuma dalilaina uku ne daga binciken masu fannin kansu. A 1954 Paul Meehl, wanda shi ma likitan hali ne mai ganin majinyata, ya tattara bincike kimanin 20 da aka gwama hasashen ƙwararre da hasashen lissafi tsantsa, misali kan wane fursuna ne zai koma laifi ko wane majinyaci ne zai samu sauƙi, sai ya tarar kusan a dukkansu lissafin ya yi daidai da ƙwararren ko ya fi shi. Abin ya yi wa abokan aikinsa ɗaci, amma binciken da ya biyo baya ya ƙara tabbatar da shi. A ƙarshen shekarun 1960 kuma Loren Chapman da Jean Chapman suka nuna yadda masu gwaji suke ganin alaƙar da babu ita: an daɗe ana cewa mai yawan zargi, idan aka ce ya zana mutum, yakan zana idanu ta wata siffa ta dabam, sai suka haɗa zane-zane da bayanan cuta barkatai, ba tare da wata alaƙa ba, suka ba ɗalibai, ɗaliban kuma suka “gano” wannan alaƙa dai da ƙwararru suke faɗi. Zato ne ya riga ido isa wurin.

Na ukun ya fi shafar talaka. A 1948 Bertram Forer ya ba ɗalibansa 39 gwajin hali, bayan mako guda ya miƙa wa kowa takarda ya ce sakamakonsa ne na kansa, ya nemi su auna dacewarta da su daga 0 zuwa 5. Matsakaicin abin da suka bayar ya haura 4. Sai daga baya ya bayyana musu cewa takarda ɗaya ce ya ba kowa, kuma jimlolinta daga wani littafin taurari ya tsinto su. Wannan shi ne sirrin da mai duba da ɗan tsibbu suke ci da shi tun fil azal, su faɗi magana mai faɗi wadda kowa zai sami kansa a ciki. Kuma shi ne dalilin da ya sa jin da mutum ya yi cewa sakamako ya dace da shi ba ya zama hujjar ingancin gwaji. Ina roƙon matasanmu masu raba kansu gida 16 da haruffa huɗu-huɗu saboda tambayoyin da suka amsa a intanet, har wani ya fasa neman aure ko ya sauya fannin karatu a kan haka, su riƙe wannan labari. Irin wancan gwaji ba shi ne likitoci suke dogara da shi wajen gane cuta ba, kuma sananne ne cewa mutum yakan sake shi bayan 'yan makonni ya faɗa wani gida dabam.

Ashe ke nan basirar likita ita ma shaida ce mai bukatar tazkiya. Malaman hadisi, a ilmin jarhi da ta'adili, ba su karɓar ruwaya sai mai ita ya haɗa adala da dabɗi, wato ya zama amintacce kuma mai kiyaye abin da ya ji ba ya sauya shi. Masu auna hali su ma sharaɗi biyu suke nema ga kowane ma'auni, na farko ya zama in an maimaita shi, ko wani dabam ya yi shi, sakamako ɗaya zai bayar, na biyu ya zama abin da yake da'awar aunawa shi ɗin yake aunawa. Kamancen bai cika ta kowace fuska ba, amma ruhin ɗaya ne, kuma ya kamata ya sa mu ji cewa wannan tsantseni ba baƙo ba ne a gidanmu.

A nan ne tambayoyin Sayyidina Umar suke dawowa. Mu Hausawa mukan ce hali zanen dutse, kuma akwai gaskiya a ciki, domin bincike mai yawa ya nuna manyan siffofin mutum, kamar son shiga jama'a ko saurin damuwa ko tsare alkawari, suna da dawwama gwargwado tsawon rayuwa. Amma tun a 1928 Hugh Hartshorne da Mark May, da suka jarraba gaskiyar dubban yara a aji da filin wasa da gida, suka ga yaron da ya yi maguɗi a nan ba lalle ne ya yi a can ba. A 1968 kuma Walter Mischel ya girgiza fannin da littafinsa, inda ya nuna cewa alaƙar da ke tsakanin sakamakon gwajin hali da abin da mutum zai aikata a wani muhalli takamaimai ba ta cika wuce 0.3 ba, a sikelin da cikarsa 1 ne. Wanda ya san mutum a masallaci kaɗai bai san shi a kasuwa ba, kuma maƙwabtaka da tafiya da cinikayya muhallai uku ne mabambanta, kowanne yana fito da fuskar da sauran suka ɓoye.

Daga wannan fahimta ce hanyar auna ɗabi'a ta ginu, wadda ni a ganina ita ce ta fi dacewa da halin da muke ciki, ta fi arha, kuma ta fi kusa da magani. Mai bin wannan hanya yakan ajiye tambayar wane irin mutum ne wannan, ya ɗauki tambayar me yake yi, sau nawa, a ina, me yake gabatar aikin, me kuma yake biyo bayansa. A 1982 Brian Iwata da abokan aikinsa suka nazarci yara tara masu naƙasar ƙwaƙwalwa waɗanda suke cutar da jikinsu, kamar buga kai da cizon hannu, suka riƙa sauya musu yanayi da gangan: wani lokaci a kula yaro idan ya yi, wani lokaci a janye masa aiki mai wuya idan ya yi, wani lokaci a bar shi shi kaɗai, wani lokaci a sake masa da wasa. A shida daga cikinsu aka ga ɗabi'ar tana ƙaruwa a yanayi guda takamaimai, wato aiki iri ɗaya a ido amma sababi dabam-dabam, wannan yana neman kulawa, wancan yana gudun wahala. Kuma sanin sababin shi ya nuna inda za a kama. Uwar da ɗanta yake birgima yana ihu, aka ce mata taurin kai ne ko iska, in aka ba ta littafi, ko aka nuna mata yadda za ta ja layi a bango in ba ta rubutu, ta riƙa lura mako biyu da lokacin da abin yake tashi da abin da ake yi masa bayan ya tashi, sau da yawa za ta kawo wa likita abin da ya fi alƙaluman takarda amfani. Ita ma wannan hanya tana da nata rauni, domin wanda ya san ana kallonsa yakan gyara zama, kamar yadda gida yake natsuwa ran da baƙo ya sauka, kuma an tabbatar cewa bayanin iyaye da na malamin makaranta kan yaro ɗaya ba su cika haɗuwa sosai ba. Sai dai wannan saɓani shi kansa labari ne, yana nuna a wane wuri matsalar take zaune.

Ba mu rasa magabata a wannan tafarki ba. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934 Miladiyya, a littafinsa kan maslahar jiki da rai, ya bambance baƙin cikin da aka san sababinsa, kamar rashin masoyi ko dukiya, da wanda yake faɗo wa mutum ba dalili, ya ce na biyun yana da tushe a jiki, kuma ya yi bayani mai tsawo kan waswasi. Da lura ya kai ga haka. A Nijeriya kuma Thomas Adeoye Lambo, tun daga 1954 a Aro kusa da Abeokuta, ya riƙa saukar da majinyata a ƙauyukan da ke kewaye da asibiti, kowanne tare da ɗan'uwansa, inda ake ganinsu cikin zaman yau da kullum. Kuma a binciken da ya yi da Alexander Leighton da wasu, wanda aka buga a 1963, sai da suka zauna da masu maganin gargajiya na Yarabawa suka ji yadda suke kiran cututtuka da yadda suke rarrabe su, kafin su amince da tambayoyin da suka zo da su. Lambo ya yi haka ne a zamanin da wani likitan mulkin mallaka, J. C. Carothers, ya rubuta wa Hukumar Lafiya ta Duniya littafi a 1953 yana yi wa hankalin Afirka gaba ɗaya hukunci mai ƙasƙanci, abin da yake nuna irin ɓarnar da mai awo yake yi idan ya ɗauki kansa shi ne mizanin 'yan Adam.

Abin da ya rage mana aiki ne, kuma mai yiwuwa ne. An yi ƙoƙarin fassara wasu gajerun ma'aunai zuwa Hausa, Allah Ya saka wa waɗanda suka yi, amma fassara matakin farko ce kawai. Sai an mayar da ita harshen asali ta hannun wani dabam an ga ko ma'ana ta kauce, an karanta wa manomi da 'yar talla da malamin zaure an ji me suka fahimta, sa'an nan an gwada ta kan jama'a masu yawa, maza da mata, birni da ƙauye, daga Sakkwato zuwa Damagaram, domin a san mene ne matsakaici a wurinmu. Akwai ma abin da ya fi wannan zurfi. Rabe-raben hali guda biyar da suka shahara yau sun samo tushe ne daga aikin Gordon Allport da Henry Odbert, waɗanda a 1936 suka tsamo kalmomi kusan 18,000 masu siffanta mutum daga ƙamusun Turanci. Me zai hana sassan Hausa da na ilimin halayya a jami'o'in Kano da Zariya da Yamai su haɗa hannu su yi irin wannan da ƙamusun Bargery na 1934 da maganar mutane ta yau, a ga ko kunya da kara da kawaici da fulako za su shiga cikin waɗancan gidaje biyar ko za su nemi nasu?

Kafin wannan ya samu, akwai abin da ya wajaba tun yanzu, musamman da yake dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Nijeriya a farkon 2023 ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta kuma ba majinyaci haƙƙoƙin da da ba shi da su. Amsoshin da mutum ya bayar a ɗakin gwaji amana ce, kuma tona asirin zuciyar mai neman aiki da tambayoyin da aka tsara domin marasa lafiya yana kusa da tajassusin da aka hane mu. Majalisar dokokin Amurka kanta ta zauna a 1965 ta binciki irin wannan a ma'aikatun gwamnatinsu. Duk rahoton da za a miƙa wa alƙali ko shugaban ma'aikata ko iyayen yaro, wanda zai iya raba mutum da 'yancinsa ko abincinsa ko aurensa, ya kamata ya faɗi sunan ma'aunin da aka yi amfani da shi, da harshen da aka yi gwajin, da wanda ya yi tafinta, da waɗanda suke zaune a ɗakin, da jama'ar da aka kwatanta mutumin da su, da kuma abin da aka ji daga bakin waɗanda suka zauna da shi a gida da wurin sana'a. Alƙalin da aka kawo masa rahoton da babu waɗannan, yana da iko ya mayar da shi ya ce a cike su kafin ya saurara.